Iyakar Rakiya

Zuwa ga 'yata Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina yi muku barka da sauka. Allah ya sa kun shiga gidan nan da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Mu nan lafiya lau, sai ƙafafun nan nawa, suna nan a kumbure yadda kika bar su.

Na san za ki ce me ya hana Mama ta kira ni a waya, Argungu da Birnin Kebbi tafiyar da ko yunwa ba a ji. To ai na san ki da waya. Kunne ɗaya kike ba ni, hannunki yana wani aikin, kina ta "to Mama, to Mama" har in gaji in kashe. Takarda kuwa za ta zauna ta jira ki. Kuma maganar da ke ciki ba ta kunnen kowa ba ce, shi ya sa na rubuta da hannuna ban sa wani ba. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro an daɗe.

Bari in fara da abin da babanki yake ɓoye miki. Ranar da muka je asibiti, likita ya ja shi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, a zatonsu ban ji ba. Ƙafafuna ne suka lalace, kunnena garau yake. Ban tsorata ba, Luba, na ci nawa rabon na duniya. Abin da ya hana ni sukuni ke ce, da hoton gidanku na unguwar Gesse da kika nuna min kina murna: katanga ta fi raƙumi tsawo, ƙofar ƙarfe, layi shiru ko akuya babu. Na tambaye ki su wa ke gidan da ke kusa da ku, kika ce, "Oho, Mama, can kowa harkarsa yake yi." Kin faɗa kamar abin alfahari, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Abu ɗaya nake nema a wurinki kafin lokacina ya zo. Ina so a ce a layin nan akwai mutum ko ɗaya da ya saba da gaisuwarki, har zai lura ranar da kika wuce shi shiru. Za ki ga dalili in kin karanta har ƙarshe, kada ki tsallake yadda kike yi wa saƙon mutane.

Halin nan naki ba a ƙasa kika tsince shi ba, nawa ne. Lokacin da aka kawo ni Argungu daga Gulma ina ji da kaina, na yi 'yar makaranta, ga sabon takalmi mai ƙwas-ƙwas. Gidanmu ba na kulle ba ne, mata na fita shanya da ɗauko shinkafa. A bakin lungunmu kuma akwai rumfar Ige mai bandar kifi, Allah ya jiƙanta, ba ki yi wayo da ita ba. Tsohuwa ce siririya, hayaƙi ya ci idanunta kullum suna ruwa. Duk mai zuwa gulbi ko kasuwa ta gabanta zai bi. Ni kuwa ba na son ƙarnin kifi ya kama min zane, sai in jefa mata "sannu" daga nesa, ko sauri ba na ragewa.

Ba ta taɓa ce min uffan ba. Sai da na haifi yayanki na ga abin. Matan lungu suka riƙa zuwa barka, kowace ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta ce "sannu", ta juya. Babu wadda ta zauna, babu wadda ta karɓi jariri, babu wadda ta ce ina itacen wanka in hura. Na yi kuka na gode Allah. Da na kai ƙara wurin kakarki ta wajen uba, ta dube ni ta ce, "Gaisuwakki ta anka maido miki, ɗiyata. Ba ki gane ta ba?"

Ina yin arba'in na tafi rumfar Ige, na tuɓe takalmin nan, na durƙusa a cikin hayaƙi. Ta daɗe tana juya kifinta kafin ta ce, "A'a, yau ɗiyar Gulma ta ga mutane? Zamna, hayaƙi ba shi kisa." Tun daga ranar ban sake wuce ta ban tsaya ba, ko ruwa ake yi, ko kaya ne a kaina.

Don haka ki ji ni. In za ki gaida mutum ki tsaya cak, ƙafa biyu a ƙasa. Ki mayar da wayar nan cikin jaka. Ki tambayi kwana, ki tambayi gajiya, ki tambayi mutanen gida, in kin san akwai marar lafiya ki ambace shi. Babba shi ke rufe gaisuwa, ke naki amsawa. Kuma yadda za ki russuna wa shugabar makarantar da za ki koyar, haka za ki yi wa mai gadin layinku da matar da ke tuya a bakin titi. Shugaba za a iya yi mata canji gobe, mai tuya kuwa tana nan, kuma ita ce ke ganin fitarki da shigarki. Na ga masu takardu da yawa da aka yi ta tsallake su a wurin aiki suna cewa asiri aka yi musu, alhali bakinsu ne ya yi nauyi.

Kuskurena na biyu a kan baƙo ne. Wani ƙanen kakanku ya taho daga Augie da rana, ya yi sallama, babanki ba ya nan. Na leƙo na gan shi ya yi buɗu-buɗu da gumi na zuba, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Baba, lafiya dai?" Ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau, wucewa nika yi." Ya juya ya tafi, ashe dominmu ya yi tafiyar, sabon irin shinkafa ya kawo wa babanki. Ya ajiye shi gidan maƙwabta, bai sake taka gidanmu ba sai ranar sunanki. Baƙo in ya zo, tabarma ce farko, sai ruwa, sai gaisuwa. Abin da ya kawo shi zai faɗa da kansa in ya huta. Kwanon da aka aiko miki da abinci kada ya koma wayam, ko gyaɗa ce ki zuba. Gaisuwar mutuwa da dubiya kuma da ƙafa ake yin su, saƙon waya bai isa ba, ko da kin haɗa da hoton mai kuka.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro. Ban taɓa gaya miki ba, na ce sai kin yi hankali, sai ga shi kin yi aure kin tashi ina ta jira.

Kina goye a lokacin, ba ki fara tafiya ba. Lokacin kaka ne, sabuwar shinkafa ta shigo, duk mutanen gida sun tafi fadama yanka. Ni kaɗai aka bari ina turara shinkafa a babbar tukunya. Kin san aikin: da zarar ɓawon ya fara tsagewa dole a sauke a baza, in aka yi jinkiri ta caɓe, wahalar ta tashi a banza. Rana ta take tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin katanga, sai na ji sallama. Muryar Inna ce, mahaifiyata.

Na fito da gudu. Tana tsaye a ƙofar tsakar gida da baƙin zanenta na saƙi, bakin zanen a jiƙe har gwiwa. Ban yi mamaki ba, mai zuwa daga Gulma a wannan lokacin sai ya ratsa ruwa. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa a kofi, na durƙusa na gaishe ta. Duk abin da na tambaya sai ta ce, "Lahiya lau." Ta riƙe kofin ba ta sha ba, idonta yana kanki. Kajin da ke damuna a kan shanya tun safe na neme su na rasa, gidan ya yi tsit. Na lura da haka, amma ban kawo komai a raina ba. Ban kuma tambaye ta abin da ya kawo ta ba, na riga na koyi wannan.

Can ta ce, "Zakuwa niy yi in gane ku. Tahiya za ni, ana jirana."

Na ce, "Haba Inna, yanzu-yanzu? Ko hura ba ki sha ba?"

Sai na ji ƙaurin shinkafa. Na zabura na yi wurin tukunya. Ina fama da ita, hayaƙi ya cika min ido, na hango Inna ta miƙe ta je bakin ƙofa ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, Luba. Kin san tsayuwar nan da baƙo ke yi yana jiran mai gida ta ɗauko mayafi ta taka masa. Na gane sarai. Amma na ce a raina ai Inna ce, ba baƙuwa ba, za ta yi min uzuri. Daga bakin murhu na ɗaga murya na ce, "To Inna, ki gaida gida, sai na zaka." Na sunkuya na sauke tukunya. Da na ɗago ba ta nan.

Sai da na gama baza shinkafa na zo naɗe tabarma. Kofin yana nan cike. A ƙasa kuma ga sawun ƙafarta a jiƙe, ya shigo daga zaure har tabarma, daga tabarma ya koma bakin ƙofa. Daga nan babu. Na duba zaure, na duba waje, sawun fita ko ɗaya ban gani ba.

Bayan la'asar ƙanena ya iso a kan keke daga Gulma. Tun kafin ya jingine keken na san abin da ya kawo shi. Inna ta cika da hantsi, an kai ta kafin azahar. Kwanakin baya ta kwanta, ta hana a gaya min, wai ina da goyo ga aikin kaka.

Na gaya wa babanki, ya kai maganar wurin malaminsu. Malam ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, sai dai shaiɗan ya ɗauki kamarsa, ko zuciya ta nuna wa mutum abin da take so. Ya ba da addu'o'i na riƙe. Na yarda da malam, har yau na yarda. Ni dai abin da ya faru nake gaya miki.

Da na dawo daga zaman makoki abin ya fara. Kullum rana ta take, sai ƙanshin laka irin na bakin gulbi ya cika tsakar gida. Kaji su daina bi ta ƙofar nan, su kewaya ta magudanar ruwa. Dokin ƙofa ya yi danshi alhali ko'ina a bushe yake. Abin da ya fi damuna ke ce. Sai ki juya wajen ƙofar kina ɓaɓɓaka dariya, kina miƙa hannu a ɗauke ki, babu kowa a wurin. Na daina cin abinci, na rame, nono ya fara ɗaukewa. Babanki yana fadama a wannan lokacin kullum, in ya dawo komai ya lafa, sai ya ce baƙin ciki ne.

Wata safiya na durƙusa gaida Ige, ta ƙura min idanun nan nata ta ce, "Ke, mi ka cin ki?" Na kwashe duka na gaya mata. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mamaki ba.

"Kin ba ta ruwa?"

"Na ba ta."

"Kin raka ta?"

"Ban raka ta ba."

"To mi kike so ta yi? Innakki mai kunya ta, ba ta hita gidan suruki kamar wadda anka kora. Tana nan tsaye tana jiran ki ɗauko lulluɓi. Tahi ki raka ta."

Washegari da rana ta take, ƙanshin ya taso, na goya ki na ɗaure, na yafa mayafi. Na je bakin ƙofa na ce, "Inna, mu tahi in taka miki." Sai na ji sanyi a gefena na dama. Muka fita ta zaure. Ina jin ƙarar jiƙaƙƙen zane yana bugun ƙafa, faca-faca, daidai da takuna.

Ga abin da nake so ki riƙe, domin shi ne ban sani ba. Na ɗauka tsoro zan ji. Wallahi daɗi na ji, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya ina bin ta wanki. Na kama hira, ina ba ta labarin haƙoranki da shinkafar bana. Ka'idar rakiya kuwa kin san ta: mai gida na tafiya har sai baƙo ya ce, koma haka nan, rakiya ta isa. Ina ta jira ta faɗa. Muka fita lungu ba ta faɗa ba. Muka wuce gidajen ƙarshe ba ta faɗa ba. Muka gangara ta cikin ciyawa zuwa bakin gulbi inda ake ɗaure jiragen ruwa. Abin da kawai nake tunawa shi ne ina cewa a raina, ba a juya wa uwa baya sai ta sallame ki. Ruwan ma ban ji shigarsa ba. Ke kuma a bayana ko motsi ba ki yi.

Sai na ji an ƙwala min kira daga tudu: "Ke Kulu! Ɗiyar Gulma! Yau kuma ba gaisuwa?"

Na farka. Ruwa ya kai min ƙugu, ƙafafunki suna ciki, gabana kuma inda igiyar ruwa take ne. Sai a lokacin kika tsala ihu. Na ji an saki wuyan hannuna na dama a hankali, yatsa bayan yatsa, ban ma san an riƙe ni ba. Ige ta faɗo ruwan da zanenta, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka, ta cafke ni ta baya. Ba ni ta kalla ba. Ruwan ta kalla ta ce, "Baiwar Allah, rakiya ta isa haka nan. Sauka lahiya."

Akwai masunta a gindin bishiya suna gyaran komarsu ta kamun kifi, sun ga shigata. Ba su san ni ba, sun ɗauka wanka zan yi. Ige kuwa kifinta ta bari a wuta har ya ƙone. Da muka hau tudu tana haki ta ce, "Shekara da shekaru ba ki wuce ni ba gaisuwa. Da nig gane ki kin wuce kina magana ke ɗai, ko kallona ba ki yi ba, nis san ba lahiya ba." Da a ce ni ce Kulun nan mai takalmi, wucewata shiru ba za ta zama labari ba, da ta ci gaba da juya kifinta.

Tun ranar gidan ya koma daidai, kaji suka ci gaba da bi ta ƙofa. Daga baya gwaggona ta ce min ita ma Inna haka tata uwar ta yi mata, kakanmu ne ya tare ta a bayan gari. Wuyan hannun nan kuwa har yau in damina ta kama nakan ji sanyinsa.

To kin ji. Ba na ce lallai haka za ta faru ba, Allah ne masani, kuma ina roƙonsa ya bar ni inda aka ajiye ni. Amma na san kaina, na san yadda zuciyata take a kanki. Maigidanki yana fita tun safe, ranar da babu makaranta ke kaɗai ce a bayan katangar nan. Gulbin nan da ya ratsa mu shi ne dai ya bi ta bayan Birnin Kebbi, kafin a kai gare shi ma ga babban titi da manyan motoci.

In wata rana da rana tsaka kika ji sallamata a ƙofar ƙarfen nan, alhali kin san ƙafafuna ba za su kai ni tasha ba balle in wuce Ambursa in iso gare ku, kada ki ruɗe. Ki yi addu'ar da kika sani, ki amsa. Ki shimfiɗa tabarma, ki kawo ruwa, kada ki tambayi abin da ya kawo ni. In na miƙe na tsaya a ƙofa, ko me kike yi ki bar shi ya ƙone, ki ɗauko mayafi. Ki taka min zuwa bakin ƙofar gida, ƙafarki kada ta wuce nan. Za ki ji daɗi, za ki ji kamar ki ƙara ko taku kaɗan. Kada ki jira in sallame ki. Inna ba muguwa ba ce, sona take yi, shi ya sa ta kasa faɗa. Ni ma ban amince da kaina ba.

Ban amince da ke ba kuma, don na san jinin da ke jikinki. Saboda haka gobe da safe, kafin ki buɗe sauran kayanki, ki zuba kifin bandar da na sa miki a kwano, ki ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da taku. Ki tuɓe takalmi, ki gaya musu sunanki da na garinku. Jibi ki koma. Ki yi ta komawa, da su da mai gadi da mai tuya, har ya zama in ba su ji muryarki ba sai sun leƙo.

Allah ya tsare min ke a gida da hanya, a tudu da ruwa, da dare da rana tsaka. Ya ba ki wadda za ta bar kifinta a wuta dominki. Ya yi muku albarka ke da maigidanki, ya sa mu gama lafiya. Babanki yana gaishe ku, kada ki nuna masa kin san maganar likita.

Sauran magana ɗaya, zan faɗe ta yanzu da raina da hankalina, ki ajiye ta don ranar da zan kasa: Luba, koma haka nan. Rakiya ta isa, na gode, na yafe miki. Ki koma ciki ki rufe ƙofa.

Wassalam,
Mahaifiyarki, Kulu